Lugude a Cikin Injin Yaya

Inna lillahi wa inna ilaihi raji'un. Na Allah ne mu, wurinsa za mu koma, kuma Yayana ya riga ni kama hanya.

Da muka dawo daga maƙabarta aka shimfiɗa tabarmi a gindin darbejiyar ƙofar gida, dab da ɗakin injin niƙansa. Masu ta'aziyya suka yi ta zuwa, wasu a ƙafa ta cikin gonaki, wasu a kan babur daga Dawakin Tofa. Kowa ya zauna ya yi addu'a ya shafa, sai ka ga idonsa ya tafi kan ƙofar langa-langar nan da ke rufe. Liman ya ce bai taɓa jin an kawo ƙarar marigayi a kan niƙan kowa ba. Wani tsoho da suka yi aikin masaƙa tare a birni ya zo yana dogara sanda. Da zai tashi ya ce, "A 'yan sashenmu saura ni kaɗai."

Wata tsohuwa maƙwabciyarmu ta fito daga cikin gida wajen mata, ta tsaya a gabanmu da mayafinta, ta ce, "To yanzu wa zai dinga korar mu?" Mutane suka yi murmushi, ita kuwa hawaye take sharewa. Gaskiya ta faɗa. Babu macen da ke ƙauyukan nan da Yaya bai taɓa mayar da ita gida da hatsinta a ka ba, yana cewa, "Yau wuta ba ta cika ba, ku dawo gobe."

A cikin masu gaisuwar har da ɗan gwangwan, mai sayen tsofaffin ƙarafa. Shi ma ya yi addu'a, kuma ban ce ba ta kai zuci ba. Amma da zai tafi na ji yana tambayar ɗaya daga cikin ƙananan 'ya'yan Yaya girman moton da ke jan injin niƙan. A wannan tsadar da muke ciki, jar wayar da ke cikin moto ta fi aikinsa daraja a idon mutane. Yaron ya ce masa ya bari a yi sadakar arba'in tukuna. Na ga za a ɗora shekarun Yaya a kan sikeli a faɗi nauyinsu.

Ɗan Yaya na fari kuwa yana can bakin tabarma, ya ba ƙofar injin baya. Tun da ya iso daga Dawanau bai kalle ta ba. Zan zo kan dalili.

Yaya bai yi boko ba. Leburanci ya fara a masaƙa, sai mai kula da wutar wurin ya ga yana da natsuwa ya ɗauke shi riƙon kayan aiki. Da masaƙar ta fara sallamar mutane, a shekarun da ake bin layi kafin a sami sabulu, ya dawo gida da tsohon moto a kan amalanke. Moto shi ne ƙarfen da wutar lantarki ke shiga ya juya, shi kuma ya ja injin niƙa da bel. Lokacin ba a daɗe da kawo mana wuta ba. Ya gina ɗaki jikin bangon gidansa, ya bar 'yar kafa a bangon daidai ɗakin matarsa, inda take miƙo masa fura da azahar.

Abu na farko da ya kafa a ɗakin ƙwan fitila uku ne a jere, kowane da wayarsa. Mu a gidajenmu waya ɗaya muke sha, amma moto sai da uku. Mata suka sa musu suna 'yan uku. Kafin mace ta sauke ƙwaryarta sai ta leƙa ta ce, "Yaya 'yan uku suka kwana?" Idan ɗaya ya mutu, ko ya yi ja kamar garwashi, to ko daga gidan dagaci aka aiko, Yaya ba zai kunna ba. An zage shi a kan haka. An ce ƙyuya ce, an ce girman kai ne na wanda ya zauna birni. Shi dai amsarsa ɗaya: "Jakin da aka ɗaure wa ƙafa ɗaya, in ka ɗora masa kaya, ba kai ya ƙi ba, mutuwa zai yi."

Yana da wata al'ada da ya kira gaisuwa. Duk ranar da masu wuta suka hau falwaya suka yi gyara, Yaya ba ya zuba hatsi sai ya gaisa da moto. Zai cire bel, ya taɓa makunni ya sake da sauri kamar mai taɓa tukunyar da ke kan wuta, sannan ya tsuguna ya kalli inda wilin moton ya nufa. Wata rana na ce masa, "Yaya, wannan kuma wane camfi ne? Ga 'yan uku duk sun kama."

Ya ce, "Ƙwan fitila ina ruwansa da gaba ko baya? Ka tuna luguden Inna da yayyenmu mata?"

Na ce na tuna.

Ya ce, "Mata uku a turmi ɗaya. Ta fari ta sauke taɓarya, ta biyu ta bi, ta uku ta bi, zagaye yana tafiya ta dama. To sa biyu daga cikinsu su yi musayar wuri. Dakan yana nan, ƙarar tana nan, amma zagayen ya koma ta hagu. Haka wayoyin nan suke. Masu gyara ba su damu da wace suka rataya a ina ba, su dai wuta ta kama. In suka sauya biyu, moto ya koma baya, inji ya dinga tofo hatsi maimakon ya haɗiye."

Na yi dariya na ce ashe Inna injiniya ce ba mu sani ba. Ya ce, "Ta fi ka, tunda ita ta san bi da bi."

Na shafe shekaru ina zama a bencin ɗakin nan in na taso daga gona. Na ji zancen lugude har na haddace. Amma fuskar Yaya nake kallo in yana gaisuwar, ban taɓa kula da inda wilin ke nufa ba.

A shekarar farin da gero ya bushe a tsaye kafin ya fitar da kai, na ga wani abu da ban manta ba. Wata mata, mijinta ya tafi cin rani bai aiko ba, ta zo da kwano a rufe da faifai, ta tsaya can bayan layi. Da aka zo kanta Yaya ya ɗaga faifan kaɗan ya mayar. Ina kusa, na gani. Dusa ce zalla, wadda ake ba awaki, ta kawo a sake niƙa mata ta yi wa yara tuwo. Yaya ya ɗaga murya yadda kowa zai ji ya ce, "Kai, baiwar Allah, geron nan naki da tsakuwa! So kike ki karya mini haƙoran inji? Ajiye shi nan sai na tsince, ki dawo da la'asar." Matan layi suka yi ta yi mata tsiya, ita ma ta yi dariya. Da la'asar ta ɗauki kwanonta a rufe. Abin da ke ciki ba dusa ba ce. A daren a gidan Yaya kunu aka sha, kuma matarsa ba ta tambayi dalili ba.

Yanzu zancen ɗan fari. Mutanen yanzu sun fara barin wannan, amma a gidanmu ana kunyar ɗan fari sosai. Uwa ba ta kama sunansa, uba ba ya zama da shi su yi hira. Yaya da matarsa sun riƙe wannan fiye da kowa. Yaron ya yi rarrafe a ƙarƙashin injin nan, ya girma a cikin ƙurar gari, amma ban taɓa jin uban ya dube shi ya ce masa ga yadda ake kaza ba. In yana son ya koya masa abu, ni zai kalla ya yi bayani da ƙarfi, yaron yana gefe yana ji. In saƙo ne sai ya ce, "Ka gaya wa wancan." Ni ne bakinsu.

Da yaron ya gama koyon walda a birni ya dawo da injinsa. Shekarun nan gona ba ta riƙe kowa, duk muka yi murna. Na ba shi rumfata da ke jikin ɗakin niƙa, ya jawo wuta daga ɗaya cikin wayoyin ubansa. Aiki ya fara zuwa, garemani da ƙofofi da ƙafar amalanke.

Ba a daɗe ba na ga Yaya ya rage magana. Wata rana da hantsi, yaron yana walda a waje, ya kama hannuna ya ɗora a bayan moto. Na janye da sauri, don zafi. Ya ɗauko guntun sanda, ya kafa kai ɗaya a jikin moton, ɗaya a kunnena.

Ya ce, "Me ka ji?"

Na ce, "Ƙara."

Ya ce, "Saurara dai. Akwai mai kauri a ƙasa, wannan muryarsa ce. Akwai siririya a sama kamar kukan sauro, tana zuwa tana ɗaukewa. Wannan baƙuwa ce."

Na saurara, na kuwa ji ta. Duk sanda hasken walda ya walƙa a waje sai ta taso, ɗaya daga 'yan uku kuma ya yi ƙifce.

Ya ce, "Injin wancan a waya ɗaya yake sha, kuma ba a hankali yake sha ba, fizga yake. In ya fizga sai taɓarya ɗaya ta yi sanyi. Sannan wasu ƙananan taɓare su shigo tsakani suna bugu da sauri-sauri, wasunsu ma ta hagu suke zagaye. Moto yana son gaba, su suna jan sa baya. Ba za su iya juya shi ba, amma kokawar da yake yi da su ita ce zafin da ka ji. In aka ci gaba, wayar cikinsa za ta ƙone, kuma a wannan zamani ban san inda zan sami ta naɗi ba." Sannan ya ce, "Ka gaya wa wancan, wuri nasa ne. Ni in yi niƙa daga safe zuwa azahar, shi ya kama daga azahar zuwa magariba. Lugude bi da bi ne. Ka faɗa masa duka yadda na faɗa maka."

Na fita. Rana ta yi zafi, ga yaron da abokansa a rumfa, na ga in na tsaya ina zancen taɓare da sauro dariya za su yi mini. Sai na taƙaita. Na ce, "Babanka ya ce injinka yana ɓata masa wuta. Ka san abin yi."

Ya ɗaga gilashin fuskarsa ya ce, "Haka ya ce, Baffa?"

Na ce, "Haka ya ce."

Washegari rumfar ba kowa. Ya kwashe kayansa ya tafi Dawanau, inda ake walda jikin motocin hatsi. Da Yaya ya tambaye ni abin da na faɗa, na maimaita masa. Bai yi faɗa ba. Cewa ya yi, "Na aike ka da tuwo da miya, ka kai gaya." Na bi yaron daga baya na ce ya dawo, ba haka ake nufi ba. Ya durƙusa ya ce, "Ba komai, Baffa," ya kawo mini ruwa, ya kawar da zancen. Ni kuma na ga tunda ya sami aiki a can, a bar kaza cikin gashinta.

Duk Sallah yana zuwa. Ya durƙusa a zaure ya gaida uban, uban ya amsa yana kallon wani wuri, kamar yadda ya saba tun yaron yana goye. A da yaron ya san wannan kunya ce. Bayan abin da na kai masa, ta ina zai bambance ta da fushi? Kamarsu ɗaya in ba a yi magana ba.

Amma ni na ga abin da shi bai gani ba. Guntun wayar da ya jawo zuwa rumfa, Yaya ya naɗe bakinta da baƙar roba ya rataye ta a ƙusa, bai taɓa yanke ta ba. Da ƙafar inji ta tsage, ga masu walda a Dawakin Tofa kusa, sai ya ba wani direba ya ce ya kai Dawanau wurin mai walda kaza, kada ya ce ta waye. Kamar yaro zai kasa gane ƙarfen da ya yi rarrafe a ƙarƙashinsa. Da aka dawo da ita Yaya ya bi ɗinkin da babban yatsa, a hankali, daga farko har ƙarshe. Ya ce, "Hannun nan ba laifi." A bakin Yaya babu yabon da ya wuce wannan.

Da damina ta bana taransifomar garinmu ta ƙone, Yaya kuma ya kwanta. Kullum na shiga gaishe shi sai ya ce, "An kawo?" In ce ba a kawo ba. Ya rasu garin yana duhu.

Ana saura 'yan kwanaki sadakar arba'in aka ɗora wata taransifomar. Ƙannen ɗan fari suka ga 'yan uku sun kama, suka yi murna, suka ce da injin Baba za a niƙa geron sadakarsa. Ba su gaisa ba. Suka kunna suka zuba. Inji ya yi wani irin gurnani, gero ya dinga tsalle yana komowa ta sama, ko ƙwayar gari ba ta fito ba. Suka kashe da sauri. Kafin azahar zance ya zagaye gari cewa inji ya bi mai shi. Yaran suka ce zaman da injin ya yi ne ya kashe shi, kuma ba su da halin gyara. Ɗayansu ya aika wa ɗan gwangwan ya zo ranar sadaka da amalanke.

Ina zaune a bencin ni kaɗai, ina kallon geron da ya watse a ƙasa, sai na ji an ƙwanƙwasa bango ta ciki. Matar Yaya ce. Tana takaba, ba ta fita, amma ɗakinta ne a bayan bangon.

Ta kafar fura ta ce, "Malam Ƙarami, kana nan?" Haka take kira na tun tana amarya.

Na ce, "Ina nan."

Ta ce, "Ba abin da ya sami injin nan. Baya yake yi. Tun ina da ƙuruciya nake kwana da tashi da muryarsa, na san ta in ya ci gaba, na san ta in ya juya. Ku ba ku gaisa ba ne."

Na ce, "Na yi zaton haka. Amma wa zai sa hannu a wayar? Yaran nan tsoro suke, ni kuwa kin san ni."

Ta ce, "Na san ka. Ka gaya wa wancan."

Ya zo tun jajibirin sadaka. Na same shi a gindin darbejiya na ce ya zo ya duba mana moto. Ya sunkuyar da kai ya ce, "Baffa, an ce in tashi. Ba a ce in dawo ba."

Shi ma yanzu furfura ta fara fito masa. Na zauna a ƙasa kusa da shi, na ce to bari in kai saƙon da aka ba ni. Na faɗa masa duka, da mata uku, da ƙananan taɓare masu zagaye ta hagu, da kukan sauro, da safe zuwa azahar da azahar zuwa magariba. Na ce uban ya ce wuri nasa ne. Na gaya masa zancen ƙafar inji da babban yatsa. Na ce in bai yarda da bakina ba, ba zan ga laifinsa ba, amma ya leƙa ya ga wayarsa a ƙusa.

Ya tashi muka je har bakin ƙofa. Ya ga wayar. Roba ta tsufa ta farfashe, an ƙara naɗa wata a kai, an sake ƙara wata. Ya tsaya a nan, ƙafa ɗaya a kan dokin ƙofa, bai shiga ba, bai koma ba.

Sai murya ta fito ta kafar bango. Na juya don in karɓi saƙo kamar kullum. Ta ce, "Ba da kai nake ba, Malam Ƙarami." Sai ta ce wa ɗanta, "Kai nake wa magana. Shiga. Wajen ƙofa wilin yake juyawa, ba wajen bango ba."

Tunda ta haife shi ban taɓa jin ta dube shi da magana ba sai ranar.

Ya cire takalmansa ya shiga. Ya sauke babban makunni, ya zare bel, ya buɗe akwatin da ke bayan moto. Wayoyi uku. Ya kwance biyu ya yi musu musayar wuri ya ɗaure. Ya mayar da wuta, ya taɓa makunni ya sake da sauri, ya tsuguna. Ba wanda ya taɓa koya masa wannan baki da baki. Wilin ya juya wajen ƙofa.

Da ya mayar da bel aka zuba gero, gari ya zubo fari cikin kwano. Ta bayan bango na ji kuka, irin wanda ba ta yi ba ranar da aka fitar da gawa. Shi kuwa yana tsaye da tafin hannunsa a bayan moto, gari yana sauka a girarsa.

Ɗan gwangwan ya zo washegari da amalankensa. Ya tarar da layin mata har bakin darbejiya, da tsohuwar nan a gaba tana tambayar yadda 'yan uku suka kwana. Ya ci sadaka, ya yi addu'a, ya koma da amalanken ba kaya.

Ɗan fari bai ce zai bar Dawanau ba, ni ma ban tambaye shi ba. Amma jiya na ga ya sauko da wayar nan daga ƙusa yana duba bakinta, ya tambaye ni ko rumfata tana da mai ita. Na ce daga azahar zuwa magariba babu.

Allah Ya jiƙan Yaya, Ya yafe masa, Ya sanyaya makwancinsa kamar yadda ya rufa wa mai dusa asiri. Mu da muka rage, Allah Ya ba mu ikon kai saƙo yadda aka ba mu shi, tun mai saƙon yana da rai. Amin.